Fatsa a Ƙoramun Aberdare da Amanar Ruwa

Daga cikin abubuwan da Turawan mulkin mallaka suka bari a ƙasashen Afirka bayan sun naɗe tabarmarsu, akwai waɗanda jama'a suka haɗu a kan amfaninsu, kamar hanyar jirgin ƙasa da asibiti, akwai waɗanda aka haɗu a kan sharrinsu, kamar ƙwacen gonaki da aikin tilas, sa'an nan akwai kashi na uku, wanda mai hankali ba zai yi gaggawar yanke masa hukunci ba sai ya ɗora shi bisa mizani ya ga inda ya rinjaya. A cikin wannan kashi na uku nake sanya wani kifin ruwan sanyi da ake kira tirawut, tare da al'adar kama shi da fatsa a ƙoramun tsaunukan Aberdare na ƙasar Kenya, al'adar da har gobe masu hali ke kashe mata dukiya, suna tasowa daga Nairobi da Turai da Amurka, domin su tsaya cikin ruwa mai tsananin sanyi tun hantsi har la'asar, su kama kifin da galibi ba zai ƙosar da mutum biyu ba. Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, wasan nan ba shi da wata hujjar wanzuwa face guda ɗaya, wato kasancewarsa sababin tsare ruwan da miliyoyin mutane ke sha. Matuƙar yana biyan wannan bukata, kuma talakan da ke zaune a bakin rafin yana da rabo a cikinsa, to ya cancanci a kiyaye shi. In kuwa ya kasa, babu dalilin da zai sa hukuma ta ɓata masa ko sisin kwabo.

Tsaunukan nan, waɗanda Kikuyu mazauna gindinsu ke kira Nyandarua, suna tsakiyar Kenya, arewa da Nairobi, sun miƙe kimanin kilomita 160 daga kudu zuwa arewa, kuma ko da yake suna dab da layin ikwaita, inda mutum zai zaci zafi ne sarki, ƙololuwarsu da ake kira Lesatima ta kai kusan mita 4,000, har raɓa kan daskare a can da dare. Matafiyin da ya taso daga Nyeri zai fara ratsa gonakin shayi da kofi, daga nan ya shiga kurmi mai duhu, daga kurmi ya faɗa dajin gora, daga nan kuma ya ɓulla wani fili mai ciyawa da hazo, inda giwa da ɓauna ke kiwo ba mai korarsu. A wannan fili ne ƙoramu ke tsatsowa, su Gura da Chania da Mathioya da Amboni, ruwansu garau har ana ƙidaya tsakuwar da ke ƙasa, suna gangarowa ta kwazazzabai, wani wuri kuma su faɗo daga bisa dutse, kamar mafaɗar ruwan Karuru, wadda tsawonta ya kai mita 273 a hawa uku. Tun shekarar 1950 aka mai da saman tsaunin gandun dajin gwamnati, kuma wanda ya tsaya a can da safe, in gajimare ya yi masa rangwame, zai hango Dutsen Kenya daga gabas, mai tsawon mita 5,199.

Mai karatu zai so ya san cewa sunan nan na Aberdare yana da nasaba da tarihin ƙasarmu. Wani Baturen Sikotlan mai yawon binciken ƙasa, Joseph Thomson, shi ya laƙaba wa tsaunukan wannan suna a 1884, domin girmama Lord Aberdare, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila a lokacin. Shekara guda bayan haka, a 1885, Thomson ɗin nan ne ya hauro kogin Kwara ya iso wurin Sarkin Musulmi Umaru, ya kuma je Gwandu, yana neman a sa masa hannu a takardun alkawari a madadin kamfanin da daga baya ya zama Royal Niger Company, kamfanin da shi Lord Aberdare ya shugabanta har rasuwarsa a 1895. Ashe hannun da ya raɗa wa dutsen Kikuyu suna shi ne ya miƙa wa sarakunanmu takardar da Ingila ta riƙe hujja a gaban Faransa da Jamus. Don haka in muka yi magana a kan abin da Bature ya shuka a can, muna magana ne a kan tarihin da muka ɗanɗani irinsa.

Shi kuwa kifin, baƙo ne tsantsa. Iri biyu ne suka shahara: mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, wanda asalinsa Turai ne da wasu sassan yammacin Asiya da tsaunukan Atlas na Maroko, da kuma mai jan zane a gefe, wanda asalinsa kogunan yammacin Amurka ne masu zuba cikin tekun Fasifik. A shekarar 1905 wani Bature mai suna Ewart Grogan, wanda ya yi suna saboda ratsa Afirka daga Kef zuwa Alƙahira, ya sa aka yi odar ƙwan kifin daga Birtaniya, aka yi ta sanyaya shi da ƙanƙara a jirgin ruwa har Mombasa, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauka, daga ƙarshe 'yan dako suka hau da shi tsauni aka zuba a kogin Gura. Kafin a jima kifin ya hayayyafa, aka yi ta kai shi wasu ƙoramu, har a 1919 Turawan suka kafa ƙungiyar masu fatsa wadda take nan har yau, tana da sansani a bakin Mathioya. Adalci ya wajabta a faɗi ko wane ne Grogan: shi ne mutumin da a 1907 ya yi wa barorinsa uku 'yan Kikuyu bulala a bainar jama'a a ƙofar kotun Nairobi, aka ɗaure shi wata ɗaya tak. Wannan shi ne asalin al'amarin, ba kuwa asali ne da za a yi alfahari da shi ba.

Amma hukuncin abu yana biyo bayan sanin haƙiƙaninsa, saboda haka bari mu dubi ɗabi'ar da Allah Ya halicci kifin nan a kanta. Tarwaɗarmu tana iya kwana cikin taɓo, tana shaƙar iska daga sama idan ruwa ya ƙafe, alhali tirawut ba ya jure ko kusa da haka. Ruwan da yake jin daɗinsa shi ne wanda zafinsa bai wuce digiri 16 ba a ma'aunin Salshiyos; idan ya haura 20 sai ya fara galabaita, idan ya doshi 25 kuwa ajali ya zo, domin gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon ƙarancin iskar oksijin da ke narke a cikinsa. Macen tana tona ɗan gurbi da wutsiyarta a cikin tsakuwa mai tsabta, ta zuba ƙwai ta rufe, kuma wajibi ne ruwa ya riƙa ratsa tsakankanin tsakuwar yana kai wa ƙwan iska. Da zarar laka ta sauko daga gonar da ruwan sama ya zaizaye ta toshe waɗannan ƙofofi, ƙwan ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba. Abincinsa kuma ƙananan ƙwari ne da ke girma a ƙarƙashin duwatsun rafi, waɗanda su ma ba sa rayuwa inda maganin feshi ko ƙazanta ta shiga. Abin da ya sa ya iya zama a Kenya shi ne tsawon tsaunin, tun da kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da digiri 6 da ɗoriya.

Yadda ake kama shi ma abin lura ne. Ba a sa masa tana a ƙugiya, ba a jefa masa birgi, ba a ja masa taru, ba a kafa masa mamari a tafi gida a kwanta. Ana ɗaukar 'yar ƙaramar ƙugiya ne a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifin ya saba ci a wannan rafi a wannan lokaci, sa'an nan mai fatsa ya riƙa kaɗa doguwar sanda mai laushi, igiya tana kai da komo a iska, har ya sauke ƙwaron ƙaryar nan a hankali bisa ruwa, sama da inda yake zaton kifin ya laɓe, ya bar igiyar ruwa ta kai masa. Idan inuwar mutum ta faɗa kan ruwan, ko ƙafarsa ta motsa dutse, kifin ya ɓace ke nan. A kusan ko'ina ake wannan fatsa a duniya akwai sharuɗɗa iri ɗaya: sai da lasisi, sai da irin wannan ƙugiya, akwai iyakar adadin da mutum zai ɗauka a yini, wanda bai kai wani tsawo ba a mayar da shi ruwa, kuma haramun ne a sa guba ko raga. Wato an tsara hanyar ne da gangan domin kamun ya yi wuya, kifin ya yi saura.

To, a nan ne suka ta farko take tasowa, kuma ba ta da rauni. Mai suka zai ce, a ƙasar da fari ke kashe dabbobin makiyaya a arewacinta, yara kuma na kwana da yunwa a unguwannin talakawan Nairobi, wane irin hankali ne zai sa a keɓe kogi sukutum domin nishaɗin mutum ɗari ko ɗari biyu? Mu da muka tashi a kan mazhabar Imamu Malik muna da abin da za mu ƙara a kan wannan, domin duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san fuƙaha'unmu sun bambanta farautar da aka yi saboda bukata, wadda take mubahi, da wadda aka yi saboda wasa kawai, wadda suka sanya a babin makaruhi. Dalilin hukuncin a fili yake: rai ba abin wasa ba ne, ko da na kifi ne, kuma an halatta mana dabba ne domin amfani, ba domin mu azabtar da ita mu yi dariya ba. Al'adar da ta yaɗu a tsakanin masu fatsar zamani, ta kama kifi a ɗauki hotonsa a sake shi, sa'an nan a sake kama wani, daga safe har yamma ba da niyyar cin ko ɗaya ba, tana da wuyar kuɓuta daga wannan hukunci, komai kyawun niyyar masu yinta.

Abin sha'awa, wasu ƙasashen Turai sun isa kusa da wannan matsayi ta tasu hanyar. A Suwizalan doka ta hana mutum ya jefa ƙugiya da niyyar sakin duk abin da ya kama, a Jamus kuma dokar kare dabbobi ta sharɗanta cewa ba a cutar da dabba sai da dalili karɓaɓɓe, kuma ci shi ne dalilin da aka fi yarda da shi. Abin da nake gani daidai, wanda ya haɗa maslahar rafi da tausayin halitta, shi ne matsakaicin tafarki: mutum ya fita da niyyar abinci, ya kama ɗaya ko biyu gwargwadon abin da doka ta yarje masa, ya gaggauta kashe su ba tare da azabtarwa ba, ya mayar da ƙanana da masu ƙwai cikin ruwa domin iri ya wanzu, sa'an nan ya naɗe igiyarsa. Idan a cikin haka ya sami hutun zuciya, ya yi tafakkuri a kan ayoyin Ubangiji da ke kewaye da shi, wannan ƙari ne a kan halal, babu mai zarginsa. Israfi ne abin ƙi, ko a kisa ko a wasa.

Suka ta biyu ta tarihi ce. A zamanin mulkin mallaka an keɓe wa Turawa mafi albarkar ƙasar tudun Kenya, an hana ɗan ƙasa mallakar gona a cikinta, kuma ƙoramun kifin nan sun zama wani yanki na wannan keɓewa, inda jikan wanda ya sha ruwan rafin tun kaka da kakanni ya koma mai ɗaukar wa baƙo kwando, in kuwa ya jefa tasa ƙugiyar a kira shi ɓarawon kifi. Dajin Aberdare ɗin nan shi ne mafakar mayaƙan Mau Mau bayan da aka kafa dokar ta-ɓaci a 1952, jiragen yaƙin Ingila suka yi ta zuba masa bama-bamai, kuma a gefensa aka harbi jagoransu Dedan Kimathi aka kama shi a 1956, aka rataye shi a 1957. Kenya ta sami 'yancin kai a 1963, dokar launin fata ta faɗi, amma tsadar sanda da igiya da kuɗin shiga gandu da na masauki sun ci gaba da tace masu zuwa. Wanda duk zai kare wannan fatsa, wajibi ne ya yarda cewa katangar da kuɗi ya gina tana iya yin aikin da katangar launi ta yi a da, idan ba a buɗe mata ƙofa da gangan ba.

Suka ta uku daga masana halittu take. Duk nau'o'in tirawut biyun nan suna cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna idan an kai su ƙasar da ba tasu ba, jerin da masanan ƙungiyar kare halittu ta duniya suka tsara, saboda kifi ne mafarauci, mai cin ƙananan kifaye da 'ya'yan kwaɗi da ƙwari. A Niyu Zilan ya kori ƙananan kifayen ƙasar daga ƙoramu masu yawa. A Lesoto akwai wani ɗan kifi na tsaunukan Maloti da aka ɗauka ya ƙare daga doron ƙasa, sai a 1970 aka sake gano shi, kuma inda ya fi tsira shi ne saman mafaɗar ruwa, wurin da tirawut ya kasa haurawa. Hukuncin da ya dace a nan a bayyane yake: inda kifin ya riga ya zauna fiye da shekara ɗari, kamar Gura da Mathioya, kawar da shi ba abu ne mai sauƙi ba, amfanin barinsa kuma ya rinjayi cutarsa, amma ɗaukarsa a kai wani sabon rafi, ko a Kenya ko a wani tudu mai sanyi na Afirka, mafsada ce da bai kamata wata hukuma ta ba da izininta ba, komai yawan kuɗin baƙin da aka yi mata alkawari.

Bayan duk waɗannan, me ya rage a ɗaya tafin mizanin? Abin da ya rage shi ne ruwa. Tsaunukan Aberdare da Dutsen Kenya su ne mafarin Tana, kogi mafi tsawo a ƙasar, mai tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya faɗa tekun Indiya, kuma a kansa aka gina jerin madatsun da ke ba Kenya kaso mai yawa na lantarkinta, babbar cikinsu ita ce Masinga. Mafi yawan ruwan famfon Nairobi, birnin da ya haura mutum miliyan 4, daga madatsar Ndakaini yake zuwa, sauran kuma har da na Sasumua, dukkansu a jikin Aberdare suke. Kurmin da ke saman dutse shi ke tare ruwan sama, ƙasa ta tsotse shi, ta riƙa sakinsa sannu a hankali har cikin rani. In aka sare kurmin, damina ta zama ambaliya mai jan ruwa, rani ya zama ƙafewa, madatsa kuma ta cika da laka. Marigayiya Wangari Maathai, wadda aka haifa a ƙauyen Ihithe a gindin waɗannan tsaunuka, ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977, ta kuma sami kyautar Nobel a 2004, ta sha ba da labarin ƙoramar da take ɗebo wa mahaifiyarta ruwa tana yarinya, wadda ta ƙafe bayan an sare itatuwan da ke kanta.

A nan ne kifin yake da aikin da babu ma'aikacin gwamnatin da zai iya yinsa. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, amma mutum ba ya gane tsamin sai ya kai ga tulunsa, alhali tirawut yana ganewa tun a tsauni, shekaru kafin haka. Idan aka nome gangaren dutse har bakin rafi, idan aka sare itatuwan da ke yi wa ruwa inuwa, idan aka karkatar da kogi domin ban-ruwa ko domin ƙananan tashoshin lantarki irin waɗanda masana'antun shayi suka gina a Gura da Mathioya ba tare da an bar wa kwarin isasshen ruwa ba, idan kuma zafin duniya ya ƙaru, kifin zai ja da baya zuwa sama, kuma mai fatsar da ya saba da wani gurbi shekara da shekaru shi ne farkon wanda zai lura. Matsayinsa matsayin shaida ne a gaban alƙali, wanda ba a iya saye, ba a iya tsoratarwa. Masu fatsa kuma, da yake galibinsu masu faɗa a ji ne, kukansu yana isa kunnen hukuma da sauri fiye da na matar da ke tafiya da tulu, kuma ko da son ransu ne ya motsa su, ruwan da suka tsare ita ma shi za ta sha.

Akwai tabbacin wannan daga jihar Montana ta Amurka, wadda kogunanta suka yi suna a wannan fanni. Shekaru da dama hukumar jihar tana ƙyanƙyashe kifi a tafkunan siminti tana zubawa a koguna, bisa zaton cewa yawan zubi shi ne yawan kifi, har wani ma'aikacinta mai suna Dick Vincent ya gwada daina zubin a wani yanki na kogin Madison, sai aka ga kifin da ke haihuwa da kansa ya ƙaru ƙwarai. A 1974 jihar ta daina zuba kifin gida a kogunanta, ta mai da himmarta ga gyaran gaɓa da tsare yawan ruwa da tsabtarsa. A yau kuma, idan zafin kogi ya kai kimanin digiri 23 kwana uku a jere, sai a hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, domin kada a ƙara wa kifin wahala a kan wahala. Darasin shi ne, kuɗin da aka kashe a kan lafiyar rafi ya fi albarka a kan wanda aka kashe wajen cika shi da abin da ba zai iya riƙewa ba.

Saura sharaɗi na biyu, wato rabon talaka, kuma a nan shari'armu tana da ƙa'idar da ta riga dokokin gandun daji na zamani da ƙarni goma sha uku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali, sai dai, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya umurci mai tsaron wurin da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya hana garken attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin attajiri yana da gonar dabino da zai koma gare ta, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma. Keɓe wuri halal ne idan domin maslahar jama'a ne, zalunci ne idan domin jin daɗin manya ne. Kenya ta ɗan kama hanya: ɗinkin ƙwaron fatsa ya zama sana'ar da mutane da yawa, maza da mata, ke ci da ita, ana fitar da aikin hannunsu zuwa Turai da Amurka, samarin ƙauyuka suna aikin jagora da gadin rafi, wasu manoman tudu suna kiwon kifin a tafkuna suna sayar wa otal-otal. Shingen lantarki mai tsawon kusan kilomita 400 da ƙungiyar Rhino Ark ta fara a 1989 ta kammala a 2009 ya tsare daji daga masu sara, ya kuma tsare gonar talaka daga giwa. Asusun ruwan Tana da aka kafa a 2015, wanda ta cikinsa masu amfani da ruwa a birni ke tallafa wa manoman tudu su yi kunyoyin tare zaizaya su dasa itatuwa, shi ma mataki ne na adalci.

Duk da haka da sauran aiki. Kamata ya yi a ware wani sananne kaso na kuɗin lasisi ya tafi kai tsaye ga ƙauyukan da ke bakin kowane rafi, a sanar da adadinsa a fili kowace shekara. A sauƙaƙa lasisin ɗan ƙasa har malamin makaranta da ɗan manomi su iya saye. A sa dattawan wurin cikin masu yanke shawarar buɗe ruwa da rufe shi. Mutumin da ya ga kuɗin makarantar ɗansa yana fitowa daga rafi ba ya bukatar ɗan sanda ya hana shi zuba masa guba. Gwajin gaskiyar hukuma kuwa yana nan a shirin hanyar mota daga Ihithe zuwa Ndunyu Njeru, wadda aka tsara za ta ratsa tsakiyar dajin, har maganarta ta kai gaban kotu a 2024. Bukatar manoman ɓangarorin biyu ta kai amfanin gonarsu kasuwa bukata ce ta gaskiya, amma kwaltar da za ta keta mafarin ruwan birni guda tana bukatar hujja mai ƙarfin gaske, kuma nauyin kawo hujjar yana kan mai son ginawa.

Mu a nan ba mu da tirawut, ba kuma ma bukatarsa, amma ƙa'idar ba baƙuwarmu ba ce. Kabawan Argungu sun daɗe da sanin cewa idan aka rufe kogin Matan Fada shekara guda ƙarƙashin ikon Sarkin Ruwa, ranar da aka buɗe masu gora da homa za su fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru su ɗaga, kuma wannan haƙurin ne ya raya bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Abin takaici, a wasu kogunanmu an maye gurbin wannan ladabi da zuba gubar gamalin da jan raga mai ƙananan idanu, wadda ba ta barin ko ɗan tsako. Kogin Kaduna da Gongola da manyan rassan da ke ciyar da fadamun Jama'are duk daga tudun Jos suke gangarowa, kamar yadda tudun Mambila ke ba kogin Binuwai nasa kason, amma mutum nawa ne a Kaduna, idan famfo ya kawo jan ruwa, yake tambayar abin da ake yi wa ƙasa a mafarin kogin?

Saboda haka kirana ga gwamnatocin jihohin da ke shan ruwan waɗannan tuddai, da sarakunanmu, da sarakunan ruwa, da malaman da ke hawa mumbari, shi ne su san mafarin kowane kogin da jama'arsu ke rayuwa a kansa, su shata masa hurumin da ba a noma ba a sara ba a haƙar ma'adini a cikinsa, su dawo da lokutan rufe su da buɗe shi, su hukunta mai zuba guba komai matsayinsa, kuma mutanen birni su yarda su biya wani abu ga ƙauyawan da aka ɗora wa nauyin tsaron. Ruwa amana ce da Allah Ya sanya mutane suka yi tarayya a cikinta, kuma wanda ke gangare ba shi da ikon ya nemi ruwa mai tsabta alhali bai taimaki wanda ke tudu da komai ba.